Telan Da Bai Waiwaya Ba

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ake zaɓe ƙato bayan ƙato. Ku matasan da ke sahun baya ba ku san wannan ba. Babu akwati, babu dangwala yatsa. Ɗan takara zai tsaya a fili da rana tsaka, duk mai son sa ya je ya tsaya a bayansa, a ƙirga kawuna. Kowa na ganin kowa. In surukinka bai bi layinka ba, kai ka sani, shi ya sani, garin ma ya sani.

Ni na riski ƙarshen abin. Na taɓa tsayawa takarar kansila, kada ku yi dariya, a masallaci muke. Mutum tara na samu, biyu daga cikinsu ma inuwa ce ta kawo su, don layina ya faɗa ƙarƙashin darbejiya. To, ku saurara.

Wannan bawan Allah sunansa Malam Ilu, tela ne a bakin kasuwa. Manyan jam'iyya sun yi ta rigima kan wanda za su tura majalisar lardi, kowa ya ƙi yarda da kowa, sai shugabansu, Alhaji Bawale, ya ce a ɗauko tela, shi ba ya musu da kowa. Aka ɗauko shi da zare a bakin rigarsa.

Ranar zaɓe ya tsaya, jama'a suka yi layi a bayansa. Aka yi ta hayaniya, ana ture-ture, ana kiran sunaye. Malam Ilu ya kafa ido a kan katangar makarantar da ke gabansa, bai juya ba har aka gama ƙirge aka watse. Ya ci.

Da suka koma gida Alhaji Bawale ya ce, "Malam, ka ga mutanen Tsallake? Ko mutum ɗaya bai bi ka ba. Ƙauye guda, da maigarinsu da limaminsu, duk suna layin wancan."

Malam Ilu ya ce, "Ban gani ba, Alhaji."

"Wuyanka ne ke ciwo?"

"A'a. Ni tela ne, na saba ba wa titi baya. Kuma na san halina. In na ga fuskar mutum a wancan layin, zan riƙe ta."

Alhaji Bawale ya ce ba komai, shi ya gani, kuma shi ba ya mantuwa.

Aka kai Malam Ilu majalisa. Kujera mai laushi, fanka na juyawa, masu manyan riguna suna ta "ya mai girma kakaki". Shi kuwa ya kasa zama. Ƙafarsa ta dama tana ta motsi a ƙarƙashin tebur kamar yana taka keken ɗinki, har na kusa da shi ya ce, "Honorabul, don Allah, teburin na kowa ne." In aka tashi, sai ya shiga motar haya ya koma gida, ya bi ƙauyuka a ƙafa, ya dawo da ƙura a gwiwa. Bai iya jawabi ba. Shekara biyu, sau uku ya yi magana, ɗaya ma cewa ya yi a rage fanka.

A shekara ta uku aka ce kowane ɗan majalisa zai sami aiki ɗaya tak a yankinsa, ya tashi da bakinsa ya faɗi wurin. Yankin Malam Ilu gada za a yi.

To, wuri biyu ne. Akwai kwarin da ke hanyar unguwar Alhaji Bawale, inda yawancin masu bin layinsa suke. In an yi ruwa yakan cika, a jira awa guda ya janye, a wuce. Akwai kuma rafin Tsallake. Shi in damina ta kankama, wata uku ba ya sauka. Malam Ilu ya taɓa tsayawa a bakinsa ya ga an ɗauko mace mai naƙuda a kan ƙyauren ɗaki, maza huɗu ruwa har ƙirji, suna neman kai ta asibiti. Sun haye da ita. Abin da ke cikinta bai iso da rai ba.

Alhaji Bawale ya zo har shago, domin har lokacin Malam Ilu yakan yi ɗinki ranar Asabar.

"Malam, jibi a majalisa za ka ce kwarinmu."

"Alhaji, kwarinku jira ake yi. Tsallake mutuwa ake yi."

"Su je wanda suka bi ya yi musu! Mu muka tsaya a rana a bayanka. Ni hulata ma a nan ta ɓata."

"Allah Ya saka da alheri. Zan ɗinka maka wata."

"Ba wasa na zo yi ba, Ilu. In ka ce Tsallake, ka gama. Zaɓe mai zuwa ko ɗan akuya ba zai tsaya a bayanka ba."

Kada ku ɗauka abin bai dame shi ba. Ya dame shi ƙwarai. Ya fara jin daɗin kujerar nan, ya fara son a ce masa Honorabul, iyalinsa sun saba da shinkafa. Ranar nan wando ɗaya ya farke sau uku. Ya tashi, ya zauna, ya leƙa kasuwa, ya dawo, ya duba gabas ya ga hadari na haɗuwa. Ya tuna ƙyauren ɗakin nan.

Ranar Litinin kakaki ya kira sunansa. Ya miƙe, ya ce, "Tsallake." Ya zauna. Jawabinsa na huɗu ke nan.

Aka yi gada.

Zaɓe ya zagayo. Alhaji Bawale ya tsayar da ɗan ƙanensa. Malam Ilu ya sake tsayawa a filin nan, ya sake kafa ido a katangar nan. Na san me kuke jira. Kuna jira in ce mutanen Tsallake sun cika bayansa maƙil. Ni ma da ni na tsara labarin haka zan ce, don ya fi daɗin wa'azi. Amma ba haka aka yi ba. Mutanen Tsallake sun tako gadarsa, ƙafarsu a bushe, suka zo suka tsaya a layin ɗan ƙanen Bawale, domin an yi musu alkawarin taki. Malam Ilu ya faɗi. Bai waiwaya ba. Ya ɗaga hannu ya gode wa waɗanda ke bayansa, ko su waye, ya koma shago.

Bayan shekaru, wani dattijo daga Tsallake, Malam Nomau, ya kawo ɗinkin rigar suna. An yi masa jika, an haye da uwar a mota, a tsakiyar watan Agusta. Yana tsaye yana ta murza hula.

"Malam, akwai abin da ke cina. Ranar zaɓen nan, duka biyun, ni..."

Malam Ilu ya ce, "Baba, kada ka gaya mini. Na sha wahala kafin in ƙi sani. Ɗaga hannu in auna ka."

Ya auna shi. Aka ce rigar ta zauna masa daidai.

To, jama'a, abin da nake nufi a fili yake. In Allah Ya ba ka ikon yin alheri, ka kai shi inda ake buƙatarsa, kada ka tsaya tambayar wa ya bi ka, wa ya ƙi ka. Kuma kada ka jira a biya ka da godiya, don sau da yawa ba za ta zo ba, kuma Wanda ka yi dominsa Ya gani. Ba sai kana majalisa ba. Kowannenmu yana da nasa layin. Wane bai zo sunan ɗana ba, wance ba ta yi mini gaisuwar rasuwa ba, wancan bai gaishe ni a kasuwa ba. Muna tafe wuyanmu a juye, shi ya sa muke ta tuntuɓe.

Ni da ke gaya muku, na waiwaya a ranar tawa. Shekara talatin ke nan, har yau na san kowa da inda ya tsaya. Ɗaya ma ga shi can a sahu na biyu yana duban silin. Na yafe maka, Malam, yau dai na yafe, gobe kuma in sake ƙoƙari.

Allah Ya ba mu ikon yin alheri ba tare da waiwaye ba. Ku gyara sahu.