Katangar Baba da Baƙar Ƙasa

Akwai wani mutum, manomi, wanda gidansa yake a gangaren tudu, daidai inda ruwan damina yake bi in zai sauka kwari. Abin da yake tare ruwan nan kada ya kai ga rumbunansa wata katanga ce ta jar ƙasa, wadda mahaifinsa ya gina. Ta ga damina da yawa, ko tsagewa ba ta taɓa yi ba. In baƙo ya sauka, kafin ya gama shan ruwa maigidan ya ja shi ya ga katangar.

Ana nan sai Allah ya sa wa gonarsa albarka, ya ƙara rumbuna, har ya zama dole a ƙara wa katangar tsawo. Jar ƙasa ta ƙare a wurin, sai aka ɗebo baƙa daga fadama aka kwaɓa. 'Ya'yansa suka ɗauko gatari za su sassare bakin tsohuwar katanga su jiƙa ta, yadda magina suke yi domin sabon gini ya kama. Ya hana su.

Ya ce, "Hannun Baba ne a nan. Ku jingina sabuwar a jikinta kawai."

Da ruwan fari ya sauko, bai rushe tsohuwar ba, bai rushe sabuwar ba. Ta tsakaninsu ya bi. Ya ci gindin rumbu ɗaya, rumbun ya kife, dawa ta zube a laka. Abin da ya rage shi ne abincin gidan har kaka, ga manyan ruwaye suna tafe.

Yayarsa, wata tsohuwa mai dogara sanda, ta zo jaje daga ƙauyen da take aure. Ta tarar da shi zaune ya yi tagumi.

Ta ce, "Auta, furfura ta cika maka kai, har yanzu ba ka bar kuka ba?"

Ya ce, "Yaya, baƙar ƙasar nan ce ba ta da kirki."

Ta ce, "Ɗauko gatari. Sara nan, ƙasa-ƙasa."

"A katangar Baba?"

"Ni na ɗebo ruwan gininta, kana goye a bayan Inna kana zubar da yawu. Sara."

Ya sara. Yaɓen ya faɗi. Sai ga wata farar ƙasa a ciki, ta shiga jikin jar, jar ta shiga jikinta, kamar yatsun hannu biyu da aka sarƙe.

Tsohuwa ta ce, "Wannan ta Kaka ce. Baba ya sassare ta, ni kuwa na yi ta zuba mata tulu har wuyana ya sage. A ranar nan katangar Baba ita ce baƙuwa."

Mutumin ya miƙe. Sa'an nan ya kira 'ya'yansa. Shi da kansa ya yi wa tsohuwar katanga haƙora da gatari, aka jiƙa ta har ta yi laushi, aka danna ɗanyar ƙasa cikin kowane gurbi, aka yi musu yaɓe guda.

Ran nan da rana tsaka hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa irin wanda tsofaffi suka ce sun jima ba su gani ba. Ruwan ya gangaro ya bugi katangar, ya bi ta daga wannan kai zuwa wancan yana neman kafa. Bai samu ba. Ya juya ya nufi kwari. Mutumin ya fita cikin ruwan, ya dafa katangar, yana dariya yana yabon Allah. Mutanen gidan suka ci tuwonsu har sabon hatsi ya shigo.

Ma'anar wannan misali, ƙaunatattuna, ita ce: katangar ikkilisiya ce. Jar ƙasa ku ne da kuka daɗe cikin bangaskiya, waɗanda kuke rera waƙoƙin sujada ba tare da duba littafi ba. Baƙar ƙasa su ne waɗanda suka karɓi Almasihu kwanan nan, masu zama can bakin ƙofa, suna laluben shafi ana karatu. Ruwan da yake gangarowa kuwa Magabci ne, wato Iblis, ba ya fara bugun mai ƙarfi ko mai rauni. Tazarar da take tsakaninsu yake nema.

Gatarin tawali'u ne, yana kuwa da zafi. Ruwan da yake sa taurin zuciya ya yi laushi ƙauna ce, Ruhu Mai Tsarki ne yake zuba ta. Ku sababbi, ku zo da laushinku, ku yarda a danna ku a jikin na gaba, gama sun sha ruwayen da ba ku gani ba tukuna. Ku na dā kuma, a tone ƙarƙashin yaɓenku za a tarar da wani da ya yarda aka sare shi domin ku sami wurin kamawa.

Saboda haka ran Lahadi, in ka ga baƙuwar fuska a bakin ƙofa, ka matsa a bencin nan da ka saba zama, ka buɗe masa shafin. Ruwa zai zo, lalle zai zo. Amma zai nemi kafa ya rasa.