Maganar da Sabis Ya Yanke

Akwai wani matashi mai rubuta manhajar waya, abokan aikinsa suna kiransa Gwani. Sunan kuwa ya dace da shi. Matsalar da wani zai kwashe mako yana fama da ita, shi kafin shayinsa ya huce ya gano bakin zaren. Aibinsa ɗaya ne: ya san ya iya, kuma yana so kowa ya san ya iya.

A wani ƙaramin kamfani yake aiki, ɗaki ɗaya mai tebura a jere, da fanka mai ƙara, da igiyoyin caji ko'ina ka duba. Teburin da ke kusa da nasa na wata mata ce da ta girme shi a shekaru da kuma aiki. Maman Biyu ake ce mata, saboda tagwayenta. Ba ta da yawan magana, amma idan ta yi tambaya, sai ka ga mutum ya ajiye abin da yake yi.

Su biyun aka ba aikin haɗa wasan ludo na waya, wanda mutum biyu za su yi ko da kowa yana garinsa. Suna wasa suna jin muryar juna, ga kuma fuskar abokin wasa a ɗan lungun allo.

Gwani ya yi aikin da sauri. A ofis, inda sabis ke gudu kamar ruwa, wasan ya yi kyau ƙwarai. Murya tas, hoto tas.

Ranar da ya nuna mata, Maman Biyu ta kalla har ƙarshe, sannan ta ce, "Ya yi kyau. Amma idan sabis ya ɗauke wa mutum ana tsakiyar wasa, me zai faru?"

"Ya faɗi ke nan. Ɗayan ya ci."

"Ko da ba laifinsa ba ne?"

Gwani ya yi dariya. "Anti, kin san halin mutane. Da mutum ya ga za a cinye shi, sai ya kashe data ya ce sabis ne. Ni ba zan buɗe wa masu wayo ƙofa ba."

Ta ce, "Akwai masu wayo, ban musa ba. Amma waɗanda sabis ke yanke wa da gaske sun fi su yawa. Bari babbar na'urarmu ta riƙe wa mutum wurinsa, ta jira shi ya dawo. Idan sabis ya yi rauni, a fara sauke hoton, a bar murya. Muryar ma a ajiye ta a wayar mai magana, kada a goge sai ɗaya wayar ta tabbatar ta karɓa."

Ta jawo aljihun teburinta. Tsofaffin wayoyi ne cike, wata fuskarta a tsage, wata an ɗaure ta da roba.

"Mu gwada a kan waɗannan, mu fita da su waje."

Gwani ya leƙa ya taɓe baki. "Wannan tarkacen? Anti, ni ba don wayar da ta ga jiya ta ga yau nake aiki ba. Wanda ba shi da sabis ya je ya sayi ludon kwali."

Manajan kamfanin yana son a fitar da wasan da wuri, don haka ya bi bayan Gwani. Gwani kuwa har ƙari ya yi. Ya sa duk wanda layinsa ya yanke, sai wayar abokin wasansa ta nuna hoton kaza tana gudu, ana ƙyalƙyala dariya, an rubuta da manyan baƙaƙe: "Abokin wasanka ya tsere!"

Duk ofishin aka yi ta dariya, ban da Maman Biyu.

Ta ce, "Kalmar nan ta yi nauyi. Ba ka san wanda ke riƙe da wayar ba."

"Wasa ne fa, Anti."

Ta mayar da aljihun teburinta ta rufe.

Wasan ya fita, mutane suka karɓe shi hannu bibbiyu. Ba a daɗe ba kuma ƙorafi ya fara shigowa. Wannan ya ce yana dab da ci aka ce ya tsere, wancan ya ce murya na yankewa. Amsar Gwani ɗaya ce kullum: wayoyinsu ne ba su da kyau.

To, Gwani yana da kawu, yayan mahaifiyarsa, kafinta ne. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa, tare ya tashi da ɗan Kawun da ake kira Dogo. Kawu ya so Dogo ya gaje shi a shago, Dogo ya ce shi tafiya zai yi neman aiki a nesa. Ranar tafiyar aka yi musayar magana mai zafi. Kawu ya ce in ya tafi kada ya ƙara gaishe shi. Dogo ya ce dama ya gaji da shaƙar ƙurar katako. Shekaru suka shige, uba da ɗa ba sa magana. 'Yan uwa sun yi iya ƙoƙarinsu, kowannensu ya kafe.

Da wasan ya fita, Gwani ya tura wa dangi duka, har Dogo. Kawu kuwa da hannunsa ya sa masa a waya, don ya ga abin da ɗan da ya riƙe ya zama.

Wata ranar hutu ya je gaishe shi. Ya same shi a shago, zaune a kan benci, ga wata ƙofa da ya fara gogewa ya bari. Kawu mai barkwanci ne, amma ranar da ƙyar ya amsa gaisuwa.

"Kawu, lafiya kuwa? Ko jikin ne?"

"Jiki lafiya, ɗana." Ya juya wayarsa a hannu. "Ɗan uwanka ya neme ni."

Gwani ya gyara zama. "Dogo? Ya kira ka?"

"A cikin wasan nan naka. Ina zaune sai na ga gayyata da hotonsa. Na yi maza na danna. Muka fara wasa, ba wanda ya ce uffan. Na ci masa ɗa, ya ci mini. Can sai na ji ya yi gyaran murya, ya ce, 'Baba, dama na daɗe ina so in ce maka...' Abokan sana'a suna ta buga guduma a bakin shago, sai na tashi na shige ciki don in ji shi da kyau. Ina shiga, komai ya ɗauke. Da ya dawo, babu wasa, babu Dogo."

"Ba ka sake nemansa ba?"

"Na tura gayyata har na gaji. Na ajiye girman kai na kira lambarsa, bai ɗauka ba. Wataƙila ya fasa ne. Wataƙila ya tuna abin da na faɗa masa."

Gwani ya ɗaga kai ya kalli rufin kwanon da ke can cikin shagon, da tulin katakon da ya tokare bango. Ya ciro tasa wayar mai tsada ya taka zuwa wurin. Sandunan sabis suka zube ɗaya bayan ɗaya. Nan take ya san abin da Dogo ya gani a tasa wayar.

Ya fita bakin titi ya kira Dogo. Sai da ya yi ta kira kafin aka ɗauka.

"In Baba ne ya sa ka, ka bar shi kawai," in ji Dogo.

"Ba shi ya sa ni ba. Me ka gani ranar?"

"Kai da ka haɗa abin kake tambayata? Shekara da shekaru ina tattara maganar nan a bakina. Na rufe ido na faɗe ta duka, na roƙe shi gafara, har hawaye na yi. Ina buɗe ido sai ga kaza tana gudu ana mini dariya, wai ya tsere. Ko tsayawa ya ji ƙarshenta bai yi ba."

"Wallahi bai ji ba, Dogo. Sabis ne ya yanke. Tashi ya yi don ya ji ka da kyau."

"Wayar ta ce tserewa ya yi."

"Wayar ba ta san komai ba. Ni na rubuta mata ta faɗi haka."

"Kana rufa masa asiri ne, na san halinka da shi." Dogo ya kashe wayar.

Gwani ya daɗe tsaye a bakin titin, motoci na wucewa. A ransa yana ta lissafin mutanen da bai sani ba, waɗanda kazar nan ta yi wa dariya. Wa ya san abin da kowannensu yake cikin faɗa a lokacin?

Washegari da safe ya riga kowa zuwa ofis. Da Maman Biyu ta shigo, ya miƙe tsaye ya gaishe ta, abin da bai saba ba. Ya kwashe labarin duka ya faɗa mata.

"Anti, kin gaya mini, na mayar da ke abin dariya. Ki yafe mini."

Ta ajiye jakarta. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Tambayarsa ta yi, "Kawun naka ya ci abinci kuwa da ka baro shi?"

"Ban ma tambaya ba."

"To ka kira shi ka tambaya. In ka gama ka zo mu fara."

Da suka kai wa Manaja maganar, ransa ya ɓaci, don dama mutane sun fara goge wasan daga wayoyinsu. Ya ɗauke ragamar aikin daga hannun Gwani ya ba Maman Biyu. Gwani ya koma mai karɓar umarni a aikin da yake taƙama da shi. Abin ya yi masa ciwo, amma ya haɗiye.

Suka raba tsofaffin wayoyin nan a aljihu suka bazama. Sun yi wasa a ƙarƙashin matakalar bene, sun yi a cikin motar haya, sun yi a tsakiyar kasuwa inda rumfuna suka rufe sama. Duk inda wasan ya yanke, su tsaya su gano dalili, su koma su gyara. Aikin ya ci makonni, babu sauri a cikinsa, kuma babu wanda ya tafa musu.

Yanzu idan sabis ya yi rauni, hoto ne ke fara sauka, murya ta ci gaba. Idan ya ɗauke gaba ɗaya, allon wasa na nan yadda aka bar shi, abin da mutum ya faɗa kuma yana ajiye har sai ya isa. Masu kashe data da gangan ma an yi musu tanadin hukunci, amma sai an ga abin ya zame wa mutum ɗabi'a.

Da aka zo kan abin da za a rubuta a allo, Maman Biyu ta ce, "Ka riƙe wannan ko bayan ba na nan. Kada ka sa manhaja ta faɗi abin da ba ta sani ba. Ba ta san zuciyar mutum ba. Abin da ta sani kawai, layinsa ya yanke."

Gwani ya rubuta: "Layinsa ya yanke. Muna jiransa tare da kai."

Saura Dogo. Tunda magana ba ta shige shi ba, Gwani ya ɗauki wayoyi biyu masu tsohon wasan ya tafi shagon Kawu. Ya ajiye ɗaya a kan benci, ya ba Kawu ɗaya ya ce ya taka zuwa ciki kamar ranar. Ya ɗauki bidiyon komai, tun daga tashin tsohon har fitowar kazar a wayar da ke kan benci. Kawu bai taɓa ganin kazar ba sai ranar. Ya tsaya yana kallonta, ya ce, "Ashe wannan yarona ya gani."

Gwani ya tura wa Dogo bidiyon, ya rubuta a ƙasa: "Laifina ne, ba nasa ba."

Dogo ya buɗe, bai amsa ba. Kwanaki suka wuce shiru. Kawu ya daina tambaya, amma wayar ba ta barin aljihun rigarsa.

Wata rana da hantsi, Gwani na shagon yana taya shi riƙe katako, sai wayar ta yi ƙara. Gayyata ce. Kawu ya goge hannunsa a riga ya danna.

Suka fara wasa. Ba a yi nisa ba wata babbar mota ta tsaya a ƙofar shago, sabis ya yi ƙasa, fuskar Dogo ta ɓace, sannan komai ya tsaya cik. Kawu ya kalli Gwani a tsorace.

"Ka ɗan jira, Kawu."

Motar ta ja gaba. Allon ya dawo, kowane ɗa yana inda aka bar shi. Sai ga muryar Dogo, abin da ya faɗa lokacin da layin ke yanke, ta shigo daga farko har ƙarshe.

"Baba, ban sani ba ko kana ji. Zan faɗa dai. Na yi maka rashin kunya ranar da zan tafi. Da ƙurar katakon nan ka ciyar da ni. Ka yafe mini."

Kawu ya cire tabaransa ya ajiye a kan benci.

"Na ji ka, Dogo. Na yafe maka tun motarka ba ta bar gari ba, bakina ne ya yi nauyi. Ni ma na faɗi abin da bai kamata uba ya faɗa ba."

Ta cikin wayar ana jin Dogo yana jan hanci. Gwani ya juya baya, ya kama share ƙasan da ba ta buƙatar shara.

Can Kawu ya mayar da tabaransa, ya gyara murya.

"To jefa mana, kai ake jira. Kuma kada ka ɗauka don na yafe maka zan bar maka wasan nan."

Darasi: Duk abin da kake ƙerawa, manhaja ce ko kujera, ka tuna mutum ne zai yi amfani da shi, kuma ba kowa ke zaune a inda kake zaune ba. Ka gwada aikinka a hannun mai ƙaramin ƙarfi, ka saurari wanda ya riga ka ganin hanya, kuma kada ka yanke wa kowa hukunci a kan abin da ba ka sani ba. Sau da yawa wanda muke zaton ya juya mana baya, matsowa yake yi don ya ji mu da kyau. Ku tura wa 'yan uwa da abokan arziki, wataƙila akwai wanda ke jiran a sake kiransa.