Ƙuri'a ta Biyar

A unguwar Bron da ke gefen birnin Lyon akwai wani mutumin Maradi, Malam Mounkaila, wanda sana'arsa tura tsofaffin kayan mota gida. Mutum ne mai gaskiya, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Illar kawai, gaskiyar tasa ba ta iya zama a ɗaki ita kaɗai, sai da 'yan kallo. Ba abin da ke faranta masa rai kamar ya ji ana cewa, "Kai, Malam Mounkaila ba ya ɗaga wa kowa ƙafa." In ya ji haka sai ya gyara zaman hularsa, ya yi kamar bai ji ba.

Shekara ashirin yana bin wasan besbol, wannan da ake jefo ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani ya tare ta da kulki ya sheƙa da gudu. Wani maƙwabcinsa ɗan Kuba ne ya fara jan sa filin, abu kamar wasa har ya shige masa jini. 'Yan uwansa Hausawa ba irin tsiyar da ba su yi masa ba. In sun gan shi yana jiran tiram, jirgin cikin gari, ran Lahadi sai su ce, "Malam, yau ma kallon masu kisan ɓera za a je?" Shi ko a jikinsa.

Kowace shekara ana zaɓen gwanayen ƙananan ƙungiyoyin yankin Lyon, 'yan ƙasa da shekara ashirin da uku, su je Paris su kara da gwanayen can. Wasan taurari ake kiransa, kuma nan ne masu neman 'yan wasa daga ƙasashen waje suke zuwa su zauna su zuba ido. In lokacin zaɓen ya matso, sai Malam Mounkaila ya kafa majalisa a bakin fili.

"Ba a zaɓen ɗan wasa don sunansa ko don kyan rigarsa," in ji shi. "Wanda ya buga ƙwallo ta haye katanga rana ɗaya aka yi ta ihu, sauran wata shida yana bugun iska, wannan ba tauraro ba ne. Ku nemo mini wanda ya tsaya tun farkon kakar wasa har ƙarshenta, ran ruwa da ran sanyi. Yabon gwani ya zama dole, amma sai gwanin."

Saboda irin wannan magana ne aka ba shi kujerar 'yan kallo a kwamitin zaɓe, shi da masu horarwa huɗu. Har Turawan filin suka laƙaba masa suna Alƙali.

To, a bana gwanin masu jifa a duk yankin ba kowa ba ne sai ɗansa Youssouf. Wasa goma sha huɗu ya jefa, biyu kawai aka ci su. Da asuba yake fita atisaye kafin ya wuce wurin aikinsa na ɗaukar kaya, shekara uku ke nan a haka. Kuma wannan ce shekararsa ta ƙarshe, domin baɗi ya wuce shekarun. In bai je Paris bana ba, ya gama zuwa.

Sai dai Youssouf ɗan fari ne, kuma Malam Mounkaila ya taho da kunyar ɗan fari tun daga Maradi, bai zubar da ko kaɗan a hanya ba. Ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce "wancan". Bai taɓa tafa masa a fili ba. In ana yabon yaron a gabansa sai ya sunkuyar da kai ya shiga laluben aljihu. Youssouf ya san al'ada ce, bai taɓa ɗaukarta da zafi ba.

Ran Laraba da la'asar kwamiti ya zauna a wani ɗaki na gefen fili. Aka zaɓi masu bugu da masu tsaron kusurwoyi lafiya lau. Da aka zo kan mai jifa, biyu suka ce Youssouf, biyu suka ce Nour, wani saurayi daga garin Rillieux-la-Pape da ke kusa da Lyon, gwani ne shi ma amma bai kama ƙafar Youssouf ba. Saura ƙuri'a ta biyar.

Shugaban taron, wani dattijon Bature mai kiransa Mushe, wato Malam a bakin Faransawa, ya dube shi ya ce, "Mun san ɗanka ne, Mushe Mounkaila. Da wani ne da mun ce ya fita, amma kai mun yarda da kai."

Wayyo, da ma bai faɗi haka ba. Maganar ta ratsa Malam Mounkaila kamar ruwan sanyi ran zafi. Ya san sarai wa ya cancanta, ya fi kowa sani a ɗakin. Amma ya hango gobe a bakin fili ana cewa Alƙali ya zaɓi ɗansa, ya kuma hango ana cewa Alƙali ya ƙi ɗansa. Ta biyun ta fi masa daɗi. Ya ce a ransa, ai akwai jerin 'yan jiran ko-ta-kwana, wancan zai shiga ta nan, ya je Paris, ni kuma sunana ya tsira. Ya gyara murya ya ce, "Nour."

Shugaban ya ajiye biro ya ce, "Abin mamaki. Ko akwai abin da ka sani game da shi wanda mu ba mu sani ba? Kafaɗarsa lafiya kuwa?"

Nan ne aka yi ɓarnar. Ana tambayar uba game da ɗan farinsa a bainar jama'a, me zai yi in ba abin da ya saba ba? Ya sunkuyar da kai, ya shiga laluben aljihu, bai ce uffan ba. Da a Maradi ne kowa ya gane, a yi murmushi a wuce. Su kuwa waɗannan sai suka dubi juna. Mai horar da Youssouf ya ce shi dai bai ga komai ba, amma 'yan wasa kan ɓoye ciwo in zaɓe ya matso, kuma uba ne ke kwana gida ɗaya da shi. Malam Mounkaila bai tsaya jin ƙarshen zancen ba, ya nemi izini ya fita salla, yana jin kansa sakayau.

Ran Juma'a jerin sunaye ya fito a waya. Yana cin abincin rana matarsa Zouera ta miƙo masa. Ya duba sama, babu. Ya duba jerin 'yan jira, babu. Ya sake dubawa daga ƙasa zuwa sama, kamar sunan zai tsiro. Lomar da ke hannunsa ta faɗi cikin kwano.

"Malam, mi ka yi?" in ji Zouera. "An ce ƙuri'arka ce ta ƙarshe. Mi ka yi ma ɗana?"

"Kuskure ne, za a gyara."

"Kuskuren wa? Shekara ukku ina tashi da assalatu ina dafa mai ruwan zafi. Kai ko tafi ba ka taɓa yi mai ba, ban ce komi ba, na ce al'ada ce. Yau kuma ka sa hannu ka yanke shi?"

Ya kira shugaban taro, aka ce masa takarda ta riga ta tafi Paris, su ba su da sauran iko. Ya kira mai horar da Youssouf, shi kuwa ya ce, "Na tambaye ka da ido, ka yi shiru. Me kake so in yi?" Ya kira sauran biyun ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tura shi gaba. Youssouf ya dawo daga aiki, ya gaida uwarsa, ya shige ɗaki. Da safiyar Asabar ya ɗauki jakarsa ya tafi Paris wurin kawunsa Alhaji Sadisu, wanda ke da kantin atamfa a unguwar La Goutte d'Or. Safar hannunsa ta wasa ya bar ta a kan gado.

Asabar da Lahadi Malam Mounkaila bai san abin da ya ci ba. Ya rubuta wasiƙa ya yaga, ya sake rubutawa. An gaya masa ran Litinin da tsakar rana ake rufe jerin, don haka da sassafe ya hau jirgin ƙasa. Awa biyun nan na tsakanin Lyon da Paris ya yi su a tsaye bakin ƙofa, yana jan carbi, yana maimaita abin da zai faɗa, yana jin kamar ya sauka ya tura jirgin.

Ofishin masu shirya wasan wani ɗan ɗaki ne a hawa na uku. Ya haye matakala da gudu, ya tarar da wata mata mai suna Madam Sofia, wadda ita ce ke riƙe da jerin. Ko gaisuwar kirki bai yi ba.

"Madam, don Allah ki taimake ni. An bar mai jifa mafi cancanta a Lyon. Ni ne na yi kuskuren, ni kaɗai."

"Wane ɗan wasa?"

Ya buɗe baki, harshen ya yi nauyi. Shekara ashirin da biyu sunan nan bai bi ta bakinsa ba. Ya dubi agogon bango, sha ɗaya da kwata.

"Youssouf," ya ce. "Youssouf Mounkaila. Ɗana ne. Wasa goma sha huɗu, biyu kawai aka ci su. Ran da aka yi ruwa a Rillieux ya fitar da masu bugu tara a jere, ina wurin. Babu kamarsa a Lyon, wallahi babu. Kafaɗarsa lafiya lau, ki kira likita ya duba."

Madam Sofia ta jawo takarda ta karanta masa: kwamiti ya cire shi saboda shakku kan lafiyarsa, bisa abin da aka fahimta daga mahaifinsa.

"Ni ban ce ba! Shiru kawai na yi. A wurinmu uba ba ya magana a kan ɗan fari, kunya ce."

"Na ji," in ji ta. "Amma kafin shirun ka yi magana. Nan an rubuta ka zaɓi Nour. Shi ma kunyar ce?"

Sai ga Alƙali, mai gyara hula a bakin fili, ya zube bisa gwiwoyinsa a gaban tebur. Ya ce a cire shi daga kwamiti, a hana shi shiga fili har abada, a rubuta cewa shi maƙaryaci ne, a dai ƙara suna ɗaya. Ko ba zai jefa ba, ya zauna a benci a gan shi.

"Tashi, Mushe, don Allah," in ji ta. "Ba ni da ikon ƙara suna. Kwamitinku ne kaɗai ke zaɓe, kuma ya zauna ya tashi. In na sa ɗanka sai na cire ɗan wani, wanda aka riga aka yi wa albishir. Wa zan cire? Abin da ka faɗa mini yanzu, da ka faɗe shi ran Laraba, da minti ɗaya ya ishe ka."

Yana nan durƙushe sha biyu ta buga.

Bai san yadda ya kai La Goutte d'Or ba. Ya ratsa masu tallan waya da masu gasa masara har ƙofar kantin. Alhaji Sadisu ya tarbe shi, suka gaisa a tsaitsaye, sannan ya nuna masa ciki da haɓa ya ce shi zai leƙa masallaci. Youssouf na tsaye yana jera turamen atamfa. Ya rusuna ya gaida ubansa kamar kullum.

"Na je ofishinsu," in ji Malam Mounkaila. "Na roƙa, na durƙusa. Sun ce bakin alƙalami ya bushe."

"Na sani, Baba. Tun Juma'a na sani."

"Ka san al'adarmu..."

"Na san ta. Ba ka kiran sunana, ban taɓa jin haushi ba. Ba ka tafa mini, na ce haka kakana ya yi maka. Ban nemi alfarma wurinka ba, ko sau ɗaya." Ya ajiye turmin da ke hannunsa. "Abu guda nake so ka gaya mini, tunda kai mai gaskiya ne. Da ni ɗan wani ne, wa za ka zaɓa?"

Malam Mounkaila ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ƙarya ba ta cikin halinsa, kuma yau gaskiyar ba ta da ɗan kallo ko ɗaya.

"Kai," ya ce. "Da kai zan zaɓa."

"To shi ke nan, Baba. Laifina ɗaya ke nan, kai ka haife ni."

Ya juya ya ci gaba da jera atamfa. Uban ya fita. Youssouf bai sake jefa ƙwallo ba, kuma bai koma Lyon da zama ba. Yana kiran gida duk Juma'a, ya gaida ubansa da ladabi, sannan ya ce a ba Inna wayar.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, adalci bai tsaya ga ƙin fifita naka ba, ya haɗa har da ba shi haƙƙinsa in shi ya cancanta. Wanda ya danne na gida don a yabe shi a waje bai tsira daga son kai ba, kansa ya zaɓa. Kunya ado ce, al'ada kuma abin riƙewa, amma in aka sa ka shaida kan haƙƙin wani, ko da ɗan farinka ne, buɗe baki ka faɗi abin da ka sani a lokacin da faɗar za ta yi amfani, musamman a cikin mutanen da ba su san ma'anar shirunka ba. Gaskiyar da aka faɗa bayan an tashi taro, ihu ce bayan hari.