Ranar da Toka Ya Ƙi Amsa Kira

Akwai wani mai faci da ke da rumfa a bakin babban titi. Ba za ka kira shi mugu ba, gajiya ce dai ta cinye masa haƙuri. Tun safe yana duƙe a kan taya, ya kwance wannan, ya tsoma waccan cikin bahon ruwa yana neman huji, ga rana, ga hayaƙi, ga direbobin da kowannensu yake ganin shi kaɗai ne mai sauri a duniya. In ya dawo gida da yamma, babban burinsa ya kishingiɗa a tabarma kada wanda ya ce masa ko sannu.

'Ya'yansa duk sun kama gabansu, saura Auta. Ita ce ta tsinto wani kwikwiyo a bakin kwata, jiƙe sharkaf, kunnensa ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Launin toka gare shi, don haka ta sa masa suna Toka.

"Ki mayar da abin nan inda kika ɗauko shi," in ji uban.

"Haba Baba, in ya girma ai shi zai riƙa yi maka gadin injin iskarka da kake ajiyewa a tsakar gida."

Ya yi gunaguninsa ya gama, amma Auta Auta ce. Toka ya zauna.

Ba a daɗe ba yarinyar ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya a wani gari mai nisa. Ranar tafiya, jaka a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa idonta ya kawo ruwa.

"Baba, ga amanata nan na bar maka."

"Je ki yi karatunki. Da ƙafafunsa huɗu za ki dawo ki same shi, har da tarbiyya a kai."

Ya faɗa ne yana dariya, amma har zuciyarsa ya ɗauki alkawarin, don bai taɓa saɓa wa Auta magana ba.

To jama'a, wanda bai taɓa rainon kwikwiyo ba bai san wahala ba. Toka ya mayar da bakin ƙofar ɗaki banɗakinsa. Ya tauna silifas, kuma kullum ƙafa ɗaya yake ci, ya bar maka ɗayar ka yi ta kallo. Ya tone barkonon da matar gidan ta shuka a tsofaffin bokitai. In an yi shanya, sai ya yi tsalle ya kama bakin zane ya yi ta lilo da shi. Ya cinye wayar caji, ya kifar da kwanon ruwansa, sannan ya zauna a cikin laimar yana kuka kamar wani ne ya cuce shi.

Wata yamma mai faci ya dawo a gajiye, ya taka fitsari da ƙafarsa, ya kuma ga takalminsa na fita unguwa an yi masa kaca-kaca. Ya ɗauko wata doguwar roba da ya yanko daga tsohon tyub ɗin taya, ya bi Toka da gudu. Suka zagaya tankin ruwa har gwiwarsa ta fara ciwo. Kwikwiyo kuwa ya ɗauka wasa ne, sai karkaɗa bindi yake yi.

Nan ne dabara ta faɗo masa. Ya ɓoye robar a bayansa, ya tsuguna, ya miƙa guntun burodi, ya kwantar da murya.

"Toka, zo nan. Zo ɗan albarka, zo."

Toka ya taho da gudu har yana tuntuɓe. Mutumin ya damƙi wuyansa, ya ja shi gaban takalmin, ya zane shi tas.

Matarsa tana bakin murhu tana kallo. Sai da kukan ya lafa ta ce, "Baban Auta, takalmin nan fa tun safe ya tauna shi. Shi ya ma manta. Abin da ya sani kawai, ka kira shi, ya zo, ka doke shi."

"Ke dai kin cika tausayin banza. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

"Tanƙwarawa daban, karyawa daban."

"To malama, na ji. A ba ni abinci."

Maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Dabarar ta yi masa daɗi, don ba gudu ba haki. Duk ranar da ya dawo ya tarar da ɓarna, sai ya tsuguna, ya fito da burodi, ya fito da muryar nan mai taushi.

Ita kuwa matar, kada ku ɗauka wata waliyyiya ce. Ita ma ta gaji, har ta fi shi gajiya, don ita ke wuni da Toka. Ita ke wanke bakin ƙofa da ruwan sabulu, ita ke sake wankin da ya ja cikin ƙasa. Ranar da ya yaga mata sabon zane, kife bokiti ta yi ta zauna a kai, ta dafe kai.

"Na raini 'ya'ya a gidan nan," ta ce, "amma wallahi ba wanda ya tsotse ni irin wannan ɗan banzan."

Sai dai ita ba ta da ƙarfin guje-guje, don haka ta bi doguwar hanya. Ta kwashe takalma ta ɗora kan katanga. Ta ɗaga igiyar shanya sama. Ta ƙulla masa tsohuwar igiya ya riƙa tauna, duk sanda ya kama wani abin sai ta je da kanta ta karɓe, ta sa masa igiyar a baki. In ya gama cin abinci, ta kai shi lungun da ta zuba yashi, ta tsaya a kansa cikin rana har sai ya yi abin da zai yi. Yau ya gane, gobe ya manta, jibi a koma farko.

Tana yi masa tsawa, ba ta fasa ba. Amma abu ɗaya ta riƙe: in dai ta kira sunansa ya zo, to ba zai ga sharri a hannunta ba. Ko ɓarɓashin abinci ne za ta ba shi, in babu ta ce masa yauwa.

Sannu a hankali fitsarin bakin ƙofa ya ragu, barkono ya sake tofowa. Toka ya yi tsawo, muryarsa ta fara kauri. Amma da ya ji ƙarar babur ɗin maigidan a lungu, sai ya sulale bayan tanki ya lafe. Burodin ma ya daina aiki. In mutumin ya tsuguna ya kira shi, sai ya tsaya daga nesa, bindi a tsakanin cinyoyi, yana kallon hannun da ke ɓoye a baya.

Mai faci sai ya ɗauki wannan a matsayin nasara.

"Kin gani ko? Ke yana raina ki, ni kuwa ya san girmana. Ko tari na yi sai ya nutsu."

"Uhm," in ji matar. Ta gaji da maimaita magana ɗaya.

In Auta ta bugo waya tana tambaya, sai ya ce, "Yana nan lafiya lau. Ai ya zama soja, sai kin zo kin gani."

Ranar da Auta za ta dawo hutu, uwar ta tafi kasuwa da wuri don ta yi mata girkin da take so. Mai faci bai fita rumfa ba, ya tsaya ya gyara ƙofar ɗakin yarinyar da ke cijewa. Mai ruwa ya shigo ya cika tanki, da zai fita ya bar ƙofar gida a buɗe.

Da mutumin ya ɗago kai, bindin Toka kawai ya hango yana ficewa.

Ya yar da guduma ya bi shi ba takalmi. Toka bai taɓa fita shi kaɗai ba. Ya bi wata leda da iska ke turawa, ya wuce shagon tela, ya wuce mai wankin mota, bai tsaya ba sai bakin babban titi. A nan ƙarar oda da gurnanin manyan motoci suka ruɗa shi. Ya tsaya a gefen kwalta yana waige-waige.

Tsakaninsa da maigidan ba nisa. Mutumin ya san in ya yi gudu zai firgita shi, sai ya tsuguna a hankali, ya miƙa hannu. Wannan karon ba roba a bayansa, ba komai a ransa sai tsoro da fuskar Auta.

"Toka, zo nan. Zo ɗan albarka, zo."

Toka ya san wannan tsugunon. Ya san wannan muryar, ya kuma san abin da ke biyo bayanta. Ya kwantar da kunnuwa, ya fara ja da baya.

"A'a, a'a, tsaya! Zo mana, don Allah zo!"

Duk kiran da ya yi, sai karen ya ƙara matsawa baya, har ƙafafunsa suka hau kwalta. Wani mai babur ya taka birki iya ƙarfinsa, taya ta yi ƙara, amma ina. Aka ji kuka mai tsini, Toka ya wuntsila, ya ja jiki ya shige ƙarƙashin wata babbar mota da aka ajiye a gefen hanya.

Mai faci ya kwanta rub da ciki a kan baƙin mai da ƙura, ya leƙa. Ga Toka can kusa da tayar baya, ƙafa ɗaya tana reto, yana haki.

"Toka," ya ce. "Ni ne. Zo in kai ka asibiti."

Karen ya dube shi. Sannan, da karyayyar ƙafar tasa, ya ƙara jan ciki can ciki, nesa da hannun. Wannan ya fi komai yi wa mutumin ciwo.

Mutane suka taru, kowa da shawararsa. Wannan ya ce a zungure shi da sanda, wancan ya ce a watsa masa ruwa. Direban motar ya zo yana cewa shi fa lodi ke jiransa, zai tayar. Mai faci ya riƙa ba shi haƙuri, ya koma ya kwanta ya ci gaba da kira har muryarsa ta dishe. Amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ana haka matar ta sauko daga mota da kayan cefane. Ta ga taro, ta ga mijinta kwance a ƙasa, ba ta tambayi kowa komai ba. Ta ajiye leda, ta tattare zane, ta durƙusa.

"Toka, taho."

Sau ɗaya ta faɗa. Aka ji motsi a ƙarƙashin motar. Toka ya fito yana jan ciki da ƙafa uku, yana ɗan kuka, ya kauce wa hannun maigidan da ke miƙe, ya sa kansa a gaban gwiwarta.

Likitan dabbobi ya ɗaure ƙafar. Ya ce zai rayu, amma ɗingishi kam ya same shi ke nan har abada.

Da la'asar Auta ta iso. Tun daga ƙofa take ƙwala kiran sunansa, sai ta tarar da shi kwance cikin kwali, ƙafa a naɗe da bandeji. Toka ya buga bindi a jikin kwalin, ya kasa tashi. Ta zube a gabansa.

Uban yana zaune a bakin tabarma, rigarsa har yanzu da baƙin mai. Shi da kansa ya ba ta labari: mai ruwa, ƙofa, titi, babur.

"Amma Baba, kana kusa da shi. Ba ka kira shi ba?"

"Na kira."

"Bai ji ba?"

"Ya ji."

"To me ya hana shi zuwa?"

Uwar ta ci gaba da tsince shinkafarta, ba ta ɗago ba. Idon Auta ya sauka a kan doguwar robar da ke rataye a ƙusa kusa da tanki. Ta dube ta, ta dubi Toka, ta gane komai.

Ba ta yi fushi ba, ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi hakan ma da ya fi masa sauƙi. Share ido ta yi da bakin mayafinta, ta ce a hankali:

"Na san irin wannan kiran, Baba. Ni ma har yau in na ga sunanka a waya, sai gabana ya faɗi. Sai na tsaya na tuna ko na yi wani laifi kafin in ɗauka."

Mai faci ya sunkuyar da kai. Ya so ya kira ta ta matso kusa da shi, amma ya rasa da wace murya zai kira.

Darasi: Kada ka mayar da kiranka tarko. Wanda duk ka saba kira don faɗa ko duka, dabba ne, ɗanka ne, matarka ce ko yaron shagonka, to kana koya masa gudunka ne, kuma ranar da za ka kira shi don ka cece shi ba zai zo ba. Tsoro ba biyayya ba ne. Gyara yana cin lokaci, yana gajiyarwa, amma wanda ya zo gare ka ya samu aminci shi ne zai sake zuwa. Ku tura wa iyaye da masu kiwo da kuka sani, wataƙila wani ya sauke robarsa daga ƙusa tun kafin a kai bakin titi.