Kura da Zinariyar Gonakin Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu saurara.

Kura ta ji akwai zinariya ƙarƙashin gonakin bushiyoyi. Ta karɓo izinin Zaki, ta ɗauko kyarketai su haƙa ƙaton rami, kullum tana yanka musu akuya daga garkenta.

Tsohuwar Bushiya ta tare ta. "Wa kika tambaya?"

"Zaki."

"Zaki ne ke noma a nan? Ki mayar mana da gonakinmu yadda kika same su."

Kura ta yi dariya. Washegari bushiyoyi suka cika ramin, suka dunƙule. Duk wanda ya kai hannu sai ƙaya. Aiki ya tsaya, cin akuya bai tsaya ba. Kura ta kasa zaune ta kasa tsaye, har garken ya ƙare.

"Hajiya, yau me za mu ci?" in ji babban kyarkeci, yana kallon cinyarta.

Ƙurunƙus kan kusu, nan ta tsaya.