Jatau Direba a Bayan Jaki

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A wani gari an yi wani direba, sunansa Jatau. Motar haya yake ja daga gari zuwa kasuwannin ƙauye. Jatau ba ya tuna birki sai ya iso. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a waya, ƙosai a cinya, goro a kumatu. Abinci a guje, salla a guje, barci kuwa sai gyangyaɗi a tasha. Tumbi ya fito masa har yana gogar sitiyari, ƙafafu sun kumbura suntum.

Matarsa Lantana ta ce, "Maigida, idonka ya yi jawur. Ka je asibiti a auna jininka mana."

Ya ce, "Jinin nawa gero ne da za a auna? Ba ni da lokaci."

Ran nan ya ɗebi fasinja, ya nufi kasuwa. Sai ga Agwagwa tana tsallaka titi da 'ya'yanta. Jatau ya danna hon, ya ƙara wuta. Da ƙyar suka sha, gashin jelarta ya bi iska.

Ta ce, "Haba direba! 'Ya'ya tara gare ni!"

Ya leƙo ta taga ya ce, "Ki koya musu gudu!"

Sai fasinja uku suka ce akwai sauka. Ya sauke su yana tsaki.

Ya ci gaba. Sai ga Tunkiya kwance a gefen titi tana tuƙa. Jatau na waya, yana zagin wani direba da ya riga shi lodi. Mota ta sauka daga kwalta, ta aske wa Tunkiya gefe guda ƙwal.

Ta ce, "Direba, yaushe na ce maka ina son aski?"

Ya ce, "Gobe ki juya ɗaya gefen in daidaita miki!"

Sai wata tsohuwa a kujerar baya ta ce, "Ɗan nan, tsaya. Kasuwa na ce za ni, ban ce lahira ba." Ta sauka, sauran fasinja duk suka bi ta.

Jatau ya rage shi kaɗai, rai a ɓace, ya taka mota iya takawa. Sai ga wata siririyar gada, ga wani tsohon Jaki a tsakiyarta yana tafe tinƙis-tinƙis.

Jatau ya danna hon. "Kauce, Jaki!"

Jaki ya ce, "Gadar ba ta ɗaukar biyu. Jira in ƙetare."

Jatau ya ce zai ratse ta gefe. Sai jiri ya ɗebe shi, ido ya yi duhu, hannu ya saki sitiyari. Mota ta antaya cikin busasshen rafi, tayoyi sama. Ƙafarsa ta karye wuri biyu.

Jaki ya leƙo daga kan gada ya ce, "Sannu direba. An iso?"

Jatau ya ce, "Baba Jaki, don Allah kai ni asibiti."

Jaki ya gangara, ya durƙusa, Jatau ya rarrafa ya hau. Suka kama hanya. Ba su yi nisa ba sai ga ɗanyar ciyawa. Jaki ya ja ya tsaya.

"Baba Jaki, ka ci muna tafe mana!"

Jaki ya ce, "Ni ba na ci a tafe, yana ɓata ciki." Ya tauna, ya haɗiye, ya sake taunawa.

Suka tafi. Sai ga inuwar tsamiya. Jaki ya tsaya ya lumshe ido.

"Baba Jaki, ƙafata!"

Jaki ya ce, "Rana ta take, lokacin hutuna ne. Da hutun nan na kai shekara ashirin ban san ciwon kai ba."

Suka tafi. Sai ga Agwagwa za ta komo gida da 'ya'yanta. Jaki ya tsaya cak. Agwagwa ta dubi wanda ke bayansa, ta gane shi. Sai ta shiga tsallakar da 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, tana gyara wa kowanne gashi a tsakiyar titi. Jatau yana nishi, gumi na zuba, yana jira har na tara ya wuce.

Sai la'asar suka isa asibiti. Likita ya ɗora ƙafa, ya auna jini, ya cire tabarau ya dubi Jatau.

Ya ce, "Malam, ka gode wa gadar nan. Da jinin nan ne ya fara kayar da kai, da a makara za a ɗauko ka. Wata uku a kwance. Ka rage gishiri da goro, ka ci ganye, ka yi barci. In ƙafa ta warke, ka riƙa takawa a ƙasa kowace safiya."

Aka kai shi gida. Lantana ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Kwana uku yana jiran 'yan tasha su zo su ce aiki ya tsaya. Sai ya ji labari tun ranar da ya faɗi wani ya shiga layinsa, kasuwa ta ci ta watse lafiya lau.

Yana nan kwance yana kallon sama, sai autarsa, 'yar shekara huɗu, ta laɓe bayan zanen uwarta ta ce, "Inna, baƙon nan yaushe zai tafi?"

Lantana ta ce, "Ke, Babanki ne fa."

Yarinya ta ƙare masa kallo, ta ce, "Ƙarya ne. Baba ai ba ya zama."

Jatau ya dube ta. Sai ya matsa gefe, ya bubbuga tabarma da hannu, ya ce, "Zo ki zauna, mu saba."

To, kun ji. Wanda ya ƙi tsayawa da kansa, jikinsa ko hanya ɗaya zai tsayar da shi, kuma ba za su tambaye shi inda yake son sauka ba.

Ƙurunƙus! Ta ƙare, kowa ya tashi a hankali.