Sarkin Ruwa Makau da Kifin Yatsa

An ruwaito a littattafan mutanen da cewa a ƙasar wani sarki mai suna Ɗanjimo akwai babban tafki, cike da wasu ƙananan kifaye farare da ba su wuce tsawon yatsa ba. Al'adar masuntan wurin ita ce ba a jefa taru sai yatsu uku sun shige idonsa, don ƙananan su tsira. Mai tsaron wannan doka shi ne Sarkin Ruwa Makau, tsoho mai kafiya.

Ana nan sai wani falke, Tankari, ya iso da taruna masu ido kamar rariya, ya nemi iznin kwashe ƙananan ya busar ya kai kudu. Waziri, wanda sabuwar alkyabba daga hannun falken ta riga ta hau kafaɗarsa, ya ce ai wannan tarkacen ba abincin sarakuna ba ne. Makau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce bai yarda ba. Sarki ya ba falke izni, aka tuɓe wa Makau rawani a gaban jama'a, ya koma gida yana haɗiyar baƙin ciki.

Bayan damina uku giwan ruwa ya ɓace daga akushin sarki. Sarki ya tara fadawa ya tambaye su wane ɓarawo ne ya sace manyan kifayensa alhali ba wanda ya taɓa su. Sai aka tuna da Makau.

Ya zo yana dogara sanda, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, an yi wani magidanci da rumbunsa ke cike da gero. Matarsa ta rasa murhu, sai ya zaro duwatsun da ke ƙarƙashin rumbun ya ba ta, yana cewa ai duwatsu ne kawai. Rumbu ya zauna a ƙasa, gara ta gama da shi. Ranka ya daɗe, ƙananan nan su manyan ke ci."

Sarki ya sunkuyar da kai. Ya kori waziri, ya mayar wa Makau rawaninsa, har da doki. Falke kuwa tuni ya yi gaba neman wani tafkin.

Makau ya hau dokin ya nufi bakin ruwa. Masunta sun yi ƙaura, har da 'ya'yansa, jirage sun ruɓe a cikin laka. Ya tsoma hannu, ya daɗe yana jira, ba abin da ya taɓa yatsunsa.

Masu ruwaya suka ce, haka gaskiyar talaka take a fada, ba a karɓarta sai ta daina amfani. Makau ya rasu da rawaninsa, yana sarautar kwaɗi.